Me ya kamata mu fara aunawa a masana'antarmu ta alminiyam, kuma ta yaya za mu san mun ci gaba?

Abu Hafsa, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekarata tara ke nan ina aiki a wata masana'anta da ke yankin masana'antu na kudancin Jidda, inda muke gasa bilet, wato dunƙulen alminiyam mai siffar gungume, mu matse shi, mu fitar da sandunan da ake haɗa tagogi da ƙofofi da su. Aikina na asali shi ne duba ingancin kaya, amma a makon jiya mudirinmu ya kira ni ofishinsa ya ajiye mini takardu biyu a kan tebur. Ta farko tambayoyi ne daga wani kamfanin gine-gine da ke sayen kayanmu, suna son sanin wutar da muke sha, da ruwan da muke kashewa, da inda shararmu take zuwa, da yawan ma'aikatan da suka ji rauni a bara. Ta biyu wasiƙa ce daga wani dillali da ke son kai kayanmu Turai, yana neman lissafin hayaƙin kabon da ke cikin kowane tan ɗaya da za mu ba shi. Mudir ya ce in tsara wa kamfani manufofin kula da muhalli da ɗorewar aiki, in kawo masa nan da wata guda.

Na zauna dare biyu na rubuta abubuwa goma sha bakwai. Akwai sanya allunan hasken rana a kan rufi, da dasa itatuwa a bakin katanga, da canza fitilu, da daina amfani da kofunan roba a ɗakin cin abinci, da rage buga takardu, da sauransu. Da na sake karanta su da safe sai na ji hankalina bai kwanta ba, domin ban iya cewa ga wanda ya fi wani nauyi ba, kuma babu ko ɗaya da na san adadin da muke a kai yau balle in faɗi inda za mu kai. Mita ɗaya ce tak take auna wutar masana'antar gaba ɗaya. Gas a tanka ake kawo mana shi, dizal kuma ma'aji ne kawai ya san lissafinsa, ruwa kuwa wani daga famfo yake zuwa wani kuma wayit, wato motar tankar ruwa, ke kawowa idan zafi ya tsananta.

Shi mudir abin da yake so shi ne mu rubuta a shafin farko cewa za mu kai matsayin da hayaƙin da muke fitarwa da wanda ake kawarwa za su daidaita nan da 2060, kamar yadda Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya sanar wa ƙasa baki ɗaya a Riyad a watan Oktoba na 2021. Ni kuma ina jin nauyin in sa hannu a kan alkawarin da ban san hanyar cika shi ba. Tambayata ita ce, da wane ma'auni ake zaɓar abin da za a fifita a irin wannan masana'anta, kuma ta yaya ake auna ci gaba ta hanyar da ba za mu yaudari kanmu ko masu sayen kayanmu ba? Allah Ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Sani, Yanbu

Wa alaikumus salam, Abu Hafsa. Rashin kwanciyar hankalin da ka ji shi ne farkon aikin, kuma ina ba ka shawara ka ajiye wannan jerin na goma sha bakwai tukuna, ka tafi ofishin akanta ka roƙi faturar wuta, wato takardar kuɗinta, da ta ruwa da takardun gas da dizal na watanni goma sha biyu da suka wuce, tare da lissafin tan nawa na bilet ya shigo da tan nawa na kaya ya fita a kowane wata. Ka zuba su a jadawali ɗaya. Idan ka yi haka za ka ga da idonka cewa kofunan roba da takardun ofis ba su kai a ambace su kusa da tanderun gasa bilet ba, wanda yake riƙe ƙarfe a zafin da ya kai digiri 450 zuwa 500 dare da rana. Ma'aunin zaɓi a wurina tambayoyi biyu ne: ina ne ɓarnar ta fi yawa, kuma wanne ne yake hannunmu mu gyara? Abin da ya amsa duka biyun shi ne na farko, sauran kuma su jira, domin ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

A irin masana'antarku, abin da nake ganin ya fi komai nauyi shi ne sikirab, wato guntayen da ake yankewa da sandunan da suka fito a karkace ko da tabo. Ka lissafa, a cikin kowane tan ɗari na bilet da ya shiga injin matsi, tan nawa ne ya zama kayan sayarwa? Duk abin da ya rage an riga an gasa shi, an matse shi, wani ma an yi masa fenti, sa'an nan a mayar da shi tanderu a sake narkarwa a zafin da ya haura digiri 660. Wuta biyu ke nan aka ƙona a kan ƙarfe ɗaya. Kai da kake sashen inganci ka fi kowa sanin ƙalib ɗin, wato zubin da ke ba sanda siffarta, da ke yawan ɓata kaya, da tsawon bilet ɗin da ba ya dacewa da odar da ake yankawa, saboda haka wannan adadi yana hannunka tun yau ba tare da an sayi komai ba.

Na biyu shi ne wuta, kuma a nan mita ɗaya ba za ta wadatar ba. Ka nemi a sa ƙananan mitoci a wurare huɗu ko biyar: injin matsi, kwamfuresa (injin matsa iska), injin sanyaya ruwa, layin wanke ƙarfe da rini, da ofisoshi. Kafin su iso akwai gwajin da ba ya cin ko halala ɗaya, wato kwabon Saudiyya. Ranar Juma'a, lokacin da aka tsayar da aiki, ka karanta babbar mita kafin ka tafi masallaci, ka sake karantawa bayan la'asar. Wannan ita ce wutar da masana'anta ke sha alhali ba ta samar da komai ba. Na yi wannan gwaji a inda nake aiki shekarun baya. Na shiga zauren injina babu kowa, sai na ji wani siririn sauti kamar hucin maciji daga ɓangarori daban-daban, wanda hayaniyar ranakun aiki ba ta bari a ji shi. Na ɗebi ruwan sabulu a kofi ina shafawa a gaɓoɓin bututun iska da buroshi, duk inda ya yi kumfa in ɗaura masa jan ƙyalle. Kwamfuresa kuwa tana ta tashi tana tsayawa domin ta cike iskar da ke zurarewa. Masana harkar sun daɗe da cewa a masana'antar da ba a kula da bututunta, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da kwamfuresa ta matsa a yoyo yake tafiya. Gyaran bai wuce canza robobi da ɗaure gaɓoɓi ba.

Game da auna ci gaba, ka kiyaye abu ɗaya da ya sha ruɗa mutane. Idan ka auna jimillar wutar shekara kaɗai, ranar da kasuwa ta faɗi kuka rage aiki za a ga kamar kun yi ƙoƙari, alhali ba ku gyara komai ba. Idan kuma ka auna wutar kowane tan kaɗai, watan da oda ta yi ƙaranci adadin zai hau, domin fitilu da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da tanderun da aka bari da zafi suna ci ko an yi tan ɗaya ko an yi dubu. Saboda haka ka riƙa nuna duka biyun kusa da juna, jimilla da kuma na kowane tan. Kada kuma ka kwatanta wata da watan da ya gabace shi. Agustan Jidda da Janairunta ba ɗaya ba ne wajen aikin sanyaya, kuma a Ramadan dokar ƙwadago ta rage wa Musulmi aiki zuwa awa shida a rana, shi kuma Ramadan yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara a kalandar Miladiyya. Abin da ya fi aminci shi ne kowane wata ka haɗa watanni goma sha biyu na baya ka kwatanta da shekarar da ka ɗauka a matsayin tushe. Wannan shi ne ruhin tsarin kula da makamashi na duniya mai suna ISO 50001 da ya fito a 2011, kuma kana iya bin hanyarsa ko ba ku nemi takardar shaidarsa ba.

Shawarata ga mudir ita ce kada a rubuta wani buri mai lamba sai an cika shekara ana aunawa da sababbin mitoci.

Umm Bilal, Riyad

Sannu da ƙoƙari, Malam Abu Hafsa. Ni akanta ce, kuma shekara uku ke nan ina cikin masu haɗa irin wannan rahoto a kamfanin da nake aiki. Na yarda da kusan duk abin da Injiniya ya faɗa, amma ina da ja a kan jumlarsa ta ƙarshe, kuma akwai wani babban abu da faturar wuta ba za ta nuna maka ba.

Tsarin da akasarin kamfanonin duniya ke bi wajen lissafin hayaƙi, wanda ake kira GHG Protocol, ya kasa shi rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne abin da kuka ƙona da kanku, kamar gas na tanderu da dizal na motocin ɗaga kaya, har da iskar sanyaya da ke zurarewa daga mukayyif. Na biyu shi ne hayaƙin da tashar lantarki ta fitar domin wutar da kuka saya. Na uku kuma shi ne na kayan da kuka sayo da jigilarsu da abin da ya biyo baya. Na ɗaya lissafinsa mai sauƙi ne, misali kowace lita ta dizal tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. To amma a sana'arku rukuni na uku ne giwa. Samar da tan ɗaya na sabon alminiyam yana cin wuta kimanin kilowat-awa 14,000 a matakin narkar da shi da lantarki kaɗai, kuma matsakaicin hayaƙinsa a duniya yana kusa da tan 15 a kan kowane tan, yayin da wanda aka yi da wutar madatsar ruwa yake wajen tan 4. Alminiyam ɗin da aka sake narkarwa kuwa kimanin kashi 5 cikin ɗari kawai na wannan makamashi yake buƙata. Ma'ana, abin da bilet ya shigo da shi ta ƙofarku ya ninka duk abin da tanderunku da injinanku suke fitarwa sau da yawa. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Injiniya a kan sikirab, amma ya kuma nuna cewa mai sayo bilet a kamfaninku dole ya zauna a teburin wannan shawara. Ku rubuta wa duk wanda kuke saya a wurinsa, ko masu narkar da alminiyam na Ras al-Khair ne ko na Baharain ko na Daular Larabawa, ku nemi takardar da ke nuna hayaƙin kowane tan da kason tsohon ƙarfen da ke ciki. Manyan masu narkarwa sun saba da wannan tambaya.

Dalilin da ya sa na ce ba za ku iya jiran shekara ba shi ne wasiƙar dillalin nan. Tarayyar Turai ta kafa tsarin ɗora kuɗi a kan hayaƙin kayan da ake shigar mata da su, da ake kira CBAM, wanda ya shafi siminti da ƙarfe da alminiyam da takin zamani da lantarki da haidurojin. An fara matakin ba da rahoto a watan Oktoba na 2023, matakin da ake ɗora kuɗi a kan hayaƙin kaya kuma an tsara shi daga Janairun 2026. Mai shigar da kaya can shi ke da alhakin biya, amma lissafin daga wurinku yake nema, kuma lissafin ya haɗa da na ƙarfen da kuka sarrafa. Idan ba ku ba shi adadi na gaskiya mai hujja ba, za a yi masa amfani da adadin da hukumar can ta ƙayyade, wanda ba a tsara shi domin ya yi wa mai kaya sauƙi ba, sai ya nemi wata masana'antar da ta shirya. Saboda haka ku ɗauki shekarar da ta wuce a matsayin tushe da takardun da kuke da su, ku rubuta a fili cewa wannan adadi daga fatura yake wancan kuma ƙiyasi ne, sa'an nan ku gyara idan mitoci sun fara ba da nasu.

Abin da na koya da wahala shi ne, kowane adadi yana buƙatar mutum ɗaya da sunansa, da takardar da za a nuna idan an tambaya. A shekararmu ta farko an ba ni adadin sharar da aka ce an kai wurin sake sarrafawa, na sa shi a rahoto. Da mai binciken waje ya zo ya ce in nuna masa takardar awon mota, sai ya zamana ɗan kwangilar da ke kwashe sharar bai taɓa hawa sikeli ba, yawan zuwan mota kawai ake ƙirgawa ana ninkawa da abin da ake zato. Dole muka cire adadin, kuma na ji kunyar hakan ƙwarai domin ni na sa hannu. Tun daga nan ba na karɓar lamba sai da takardarta. Ku tabbatar kuma mai kwashe muku laka da sauran sharar sinadarai yana da lasisin Cibiyar Kula da Shara ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Mawan.

Batun 2060 kuma, wannan alkawarin ƙasa ne, kuma ya dogara da abubuwan da ba a hannun masana'anta ɗaya suke ba, kamar shirin samar da rabin lantarkin ƙasar daga makamashi mai sabuntuwa nan da 2030. Ku kuna iya cewa kuna tafiya a kan turbar, amma burin da za ku sa hannu a kai ya zama na shekara uku, wanda mudirin da ya yi alkawarin zai kasance yana nan a tambaye shi.

Alhaji Ɗanliti, Makka

Abu Hafsa ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Ni ban yi karatun da Injiniya da Hajiya suka yi ba, amma na yi shekara ashirin da shida a masana'antu tsakanin Jidda da Bahra, na fara da ɗaukar kaya na ƙare ina shugaban ma'aikatan dare. Na karanta duk abin da aka rubuta, na ga an yi maganar wuta da ƙarfe da hayaƙi, amma tambaya ta huɗu da kamfanin gine-ginen ya yi maka, wato ta raunin ma'aikata, ba a tsaya a kanta ba. Ina roƙonka kada ka bar ta a ƙarshen takarda.

Kowa ya san hukuma tana hana aiki a cikin rana daga ƙarfe goma sha biyu zuwa uku na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Amma wanda ke tsaye a bakin injin matsi a ƙarƙashin rufin kwano ba a cikin rana yake ba, saboda haka wannan hani bai rufe shi ba, alhali ƙarfen da ke fitowa gabansa ya fi kowace rana zafi. Na ga yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, rigarsa ta jiƙe har gishiri ya yi fari a kafaɗunta, ya daina zufa, yana magana ba a gane abin da yake cewa. Muka kwantar da shi a kan kwali kusa da injin sanyaya ruwa muna zuba masa ruwa a wuya da hammata har motar asibiti ta zo. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma a littafin kamfani ba a rubuta komai ba, domin an ce ba injin ne ya ji masa ciwo ba. Ka rataye ma'aunin zafi da laima a inda mutane ke tsayawa, ba a ofis ba, a riƙa rubutawa sau uku a rana, kuma a ƙayyade matakin da idan an kai shi dole a riƙa musanya mutane suna hutawa.

Sa'an nan ka yi hattara da allon nan da ake kafawa a bakin ƙofa, mai cewa kwana kaza ba a samu rauni ba. A wani wuri da na yi aiki an ɗaura kyautar kuɗi a kan wannan allo, sai ya zamana wanda ya yanke a hannu abokansa ne ke roƙonsa ya ɗaure da tsumma ya yi shiru, domin kada kowa ya rasa kyautar. Lamba ta yi kyau, hannuwa kuma suna ta rubewa. Idan za ka auna, ka auna har da abubuwan da suka kusa faruwa Allah Ya kiyaye, ka kuma yaba wa wanda ya kawo rahoto. A watannin farko adadin zai hau, kuma hawan nan alama ce ta cewa mutane sun fara yarda da kai. Ka gaya wa mudir haka tun kafin ya gani, don kada ya firgita. Kuma idan za ku ƙara narkar da sikirab kamar yadda aka ba ka shawara, a tabbatar ya bushe sarai kafin ya shiga tanderu, domin ruwa ko laima idan ya haɗu da narkakken alminiyam fashewa yake yi.

Ruwa ma ina da magana a kansa. Ruwan da muke sha a Makka da Jidda akasarinsa daga teku aka tace shi, daga irin tashar Shu'aiba, aka turo shi a bututu, saboda haka kowane digo an ƙona makamashi a kansa. A layin wanke ƙarfe na sha ganin tiyo a buɗe yana kwarara cikin kwatami daga farkon dare har asuba. Allah Ya ce mu ci mu sha kada mu yi israfi, kuma ma'aikacin da ba zai fahimci maganar kabon ba zai fahimci wannan.

Injiniya Sani, Yanbu

Baba Alhaji ya yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran Hajiya a kan batun jira. Game da rauni, hanyar da aka saba ita ce a ɗauki adadin raunukan da suka hana mutum zuwa aiki, a ninka da miliyan ɗaya, a raba da jimillar awannin da aka yi aiki, kuma a haɗa da ma'aikatan 'yan kwangila, domin su ne aka fi mantawa. Ruwan wanki kuma yana raguwa sosai idan aka jera tankunan wanki yadda ruwa mai tsabta zai shiga ta na ƙarshe ya gangaro zuwa na farko, ƙarfe kuma yana tafiya ta kishiyar hanya. Ka bincika kuma ko har yanzu kuna amfani da sinadarin kuromiyam mai haɗari wajen shirya ƙarfe kafin fenti, domin an tabbatar yana jawo ciwon daji, kuma akwai madadinsa a kasuwa.

Abu Hafsa, Jidda

Na gode ƙwarai, Baba Alhaji, Hajiya Umm Bilal da Injiniya. Allah Ya ƙara girma. Na karɓo takardun daga ofishin akanta, kuma jiya Juma'a na yi gwajin mita. Mai gadi ya buɗe mini na shiga ni kaɗai, na kuma ji sautin da Injiniya ya kwatanta tun kafin in kai tsakiyar zauren. Na tarar da tanderun da ake ƙarfafa sanduna a cikinsa a kunne babu komai a ciki, da na tambaya aka ce an saba barinsa haka domin kada a jira shi ranar Asabar. Wani abin da jadawalin ya nuna mini shi ne kuɗin dizal, domin litar da take halala 75 ta koma riyal 1.15 a farkon 2024, ta kuma koma riyal 1.66 a farkon 2025, kuma ina ganin wannan ne zai sa mudir ya saurare ni da kunnen basira.

Daga goma sha bakwai na dawo da su huɗu: kason bilet da ke zama kayan sayarwa tare da takardar hayaƙi daga masu sayar mana, makamashin kowane tan da jimillarsa, ruwan layin wanki da lakarsa, sai zafi da raunin ma'aikata. Kowanne na rubuta sunan wanda zai riƙe shi da takardar da za ta zama hujja, kuma na ba da shawarar a riƙa zama a kansu a makon farko na kowane wata, a kafe sakamakon a ɗakin cin abinci da Larabci da Urdu da Bangali domin waɗanda ke bakin injin su gani. Allunan hasken rana ban jefar da su ba, na mayar da su shekara ta biyu, domin sai mun san ainihin wutar da muke buƙata bayan gyara, kuma sai an duba ko rufin zai ɗauki nauyinsu da kuma ruwan da wanke ƙurarsu zai riƙa ci.

Abu ɗaya ya rage da ban samu mafitarsa ba. Muna shirin ƙara injin matsi na uku a baɗi, wanda zai sa jimillar wuta da gas ta hau ko da na kowane tan ya sauka. Hajiya, a irin wannan hali shin ana sake lissafin shekarar tushe ne, ko ana barinta yadda take a yi bayanin ƙarin a gefe? Ina so in san wannan kafin in shiga wurin mudir ranar Talata.

Umm Bilal, Riyad

Ka bar ta yadda take, Malam. Ana sake lissafin shekarar tushe ne idan kun sayi wata masana'anta da take aiki tun da, ko kun sayar da wani sashe naku, ko kun gano babban kuskure a lissafin baya ko kun canza hanyar lissafin. Sabon injin da kuka girka domin ƙarin oda girman kamfani ne, saboda haka jimilla za ta hau kuma dole a nuna ta haka, a rubuta dalilin a ƙarƙashinta. Ka nemi a sa wa injin na uku mitarsa tun ranar da za a girka shi, kuma ka sa wannan sharaɗi a cikin takardar sayensa tun yanzu.